Sabuwar Odar Ɗangiwa

Da la'asar sakaliya Ɗangiwa ya tsayar da motarsa a garejin Sambo bakanike, bayan kasuwar Tambuwal. Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ce, damina ta kusa ƙarewa. Babbar mota ce mai bodin katako, da ita yake kai gishiri da kananzir Kebbe, ya dawo da hatsi da fatu. Lafiyarta lau. Abin da ke ci masa rai guda ne, odar da ta zo da ita daga kamfani. In ya danna sai ta yi wani ɗan siririn kuka, direbobin tasha su kwashe da dariya, su ce akuyar Ɗangiwa ta iso.

Sambo ya kwance wani tsumma ya fiddo sabuwa. Mai aiki da iska ce, bakinta biyu na tagulla kamar ƙananan kakaki. Daga Kurmi, can Kudu, aka kawo ta.

"Wagga ba a busa ta kusa ga mutane," in ji Sambo. "Ta daji ce, in ka hangi kwana."

"Ɗaura min ita, Malam Sambo. Ita nika so."

Aka ɗaura ta a saman kan mota, aka zuro igiya ta gefen direba. Ɗangiwa ya ja. Tantabarun kasuwa suka tashi gaba ɗaya, wata mai fura ta saki ludayi. Ya yi dariya har da hawaye.

Daga ranar babu wanda ya sake ambatar akuya. Tun yana bayan gari yara ke cewa ga Ɗangiwa nan.

Akwai wani kwari a hanyar Kebbe, inda hanya ke gangarawa ta ratsa rafi, itatuwan marke sun rufe shi. Wata safiya yana gangarowa ya hangi mace a kan jaki, mijinta na gaba yana riƙe da igiya. Sun riga sun kauce, sun ba shi hanya sarai. Babu dalilin oda. So kawai ya yi ya ga yadda jakin zai zabura.

Sai da ya zo daidai su, ya ja igiya.

Jakin ya yi tsalle ya fizge. A madubi Ɗangiwa ya ga matar ta yi sama, ta faɗo a kan duwatsun bakin rafi. Da zanenta ya yaye ne ya ga tsohon ciki.

Ƙafarsa ta taɓa birki. Ta ɗaga. Ya ce a ransa ai mijinta na nan, ai za ta tashi. Ya ƙara wuta ya haye gangaren.

Ranar kasuwar Kebbe, yana zaune wurin mai tuwo, ya ji wasu makiyaya na zancen. Matar Lauwali ce, Hauwa'u, ta rugar da ke bayan kwarin. Gidan iyayenta za a kai ta goyon ciki. A nan bakin rafi ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago ya dubi Ɗangiwa, ya dubi tagullar da ke ƙyalli a saman motarsa. Lomar da ke hannun Ɗangiwa ta ƙi shiga baki.

Bai gaya wa kowa ba. Ya daina jan igiyar, amma bai cire odar ba, don kada a tambaye shi dalili. Kullum ya zo kwarin sai ya kafe idonsa a hanya.

Ran nan lodi ya tsayar da shi a Kebbe, bai taso ba sai da rana ta yi ja. Shi kaɗai ne a motar. Ya iso kwarin daidai almuru.

Yana shiga ruwan rafin, inji ya mutu.

Ya murza makulli, shiru. Ya sake murzawa. Fitilu suka yi ja, suka dushe.

Ya sauko. Ruwan ya kai masa idon sawu, da sanyi kamar na randa. Kwaɗi na ta kuka ko'ina. Warin laka, warin man inji.

Sai kwaɗin suka yi tsit. Duka, lokaci guda.

Wani wari ya taso, ya danne na lakar. Ƙarni ne. Irin na ɗakin da aka yi haihuwa.

"Ɗangiwa."

A hankali aka faɗa, dab da kunnensa. Amma mai maganar tana can ƙarƙashin marke. Doguwar mace, lulluɓe da baƙin saƙi, da goyo a bayanta. Tana jijjiga goyon.

"Wa... wa ke nan?"

"Yi a hankali," ta ce. "Yanzu na samu ya kwanta."

Ta taho. Lakar bakin rafin mai taushi ce, ko tsuntsu ya taka sai ya bar sawu. Ita ba ta bari ba.

"Baiwar Allah, ban san ki ba."

"Mu mun san ka. Nan gidanmu ne tun ba a yi hanya ba." Ta fara kwance majanyi. "Wanga ba nawa ba ne. Nan munka tsince shi, inda ka yar."

Ɗangiwa ya ja da baya har gadon bayansa ya bugi ƙarfen mota.

"An binne shi," ya ce. "Na ji an ce an binne shi."

"Sun binne abin da sunka gani. Kukan fa? Bai samu ya yi nasa ba, sai naka ya ɗauka. Tun rannan ba mu runtsa ba."

Ta miƙo shi.

Bai san lokacin da hannuwansa suka buɗe ba.

Ba nauyi. Sanyi kawai, da danshi. Ɗan mitsitsin jariri, idanunsa a rufe, yatsunsa a dunƙule.

Fuskar ta yamutse.

Ƙaramin bakin ya buɗe.

Oda ce ta fito.

Ita ce sak, mai baki biyu, amma daga cikin ƙirjin jaririn. Ganyen marke ya zubo. Gilashin motar ya tsage. Ɗangiwa ya ji wani abu ya fashe a kunnensa na hagu, ɗumi ya gangaro masa a wuya.

Ƙarar ba ta tsaya ba. Jariri ba ya jan numfashi.

"Lallashe shi," in ji matar. Duk da ƙarar, ya ji ta sarai. "Kai ka tashe shi."

Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya yi nauyi. Bismillah kaɗai ta fito, ita ma da ƙyar.

Ya durƙusa. Ya ajiye jaririn a kan dutse.

Ya ruga.

Ƙaya ta yage masa riga, takalmi ya fita, bai tsaya ba. Ƙarar na bin sa, tana gabansa, tana cikin haƙoransa. Ya hangi wuta, ya ji warin shanu. Ya faɗi a bakin garke.

Da ya farfaɗo gari ya waye. Yana kwance a kan tabarma, an lulluɓe shi da bargo, an toshe masa kunne da auduga. Wani mutum na zaune gefensa da ƙwaryar madara. Ɗangiwa ya gane shi. Shi ne mai riƙe da igiyar jaki.

"Sha, baƙo," in ji Lauwali. "Jiya mun ji odarka cikin kwari, ta daɗe tana yi."

Ɗangiwa bai karɓi ƙwaryar ba. Ya tashi ya durƙusa, ya faɗi komai, tun daga safiyar da ya ja igiya har abin da aka miƙa masa jiya. Lauwali na sauraro, kansa a ƙasa.

"Na san kai ne," ya ce daga baya. "Kowa ya sani. Jira nika yi in ga ko za ka zo da ƙafarka."

Aka yi motsi a bayan zana. Muryar mace ta fito, a dashe. Hauwa'u ce.

"Direba. Ka riƙe shi a hannunka?"

"Na riƙe shi."

"Ya yi shiru?"

Ɗangiwa ya buɗe baki. Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, ya kuma san za ta so jin ta.

"A'a. Na ajiye shi na gudu."

Wani maraƙi ya yi kuka a garke.

"Sau biyu ke nan," ta ce.

Bai sake jin muryarta ba.

Motar kuwa da rana aka je da shanu aka jawo ta, murzawa ɗaya ta tashi. Sambo ya kwance odar da hannunsa, ya ce bututun iskarta a tsinke ya same shi, har ya yi tsatsa, ba yadda za a yi ta yi ƙara a daren. Kunnen Ɗangiwa na hagu bai sake jin maganar mutum ba. Ya bar tuƙi, ya koma noma a gonar mahaifinsa. Duk kaka yakan aika da dawa rugar Lauwali, wata shekara a karɓa, wata shekara a dawo da ita.

Matar Ɗangiwa ta ce har ya tsufa, in almuru ta yi, yakan tashi daga cikin mutane ya koma bayan ɗaki. Ta taɓa leƙa shi. Yana tsaye shi kaɗai, ya tallabe hannuwansa a ƙirji, yana jijjigawa a hankali.