Tayoyin Mai Faci

"Ba zan rubuta tuƙin ganganci ba, ranka ya daɗe," in ji Sufeto.

Oganta ya murza idanu. "Direba ya amsa laifinsa. Burki ya ƙi, ya take mai faci a bakin titi. Shekara biyu ya fito. Ke ba kya gajiya ne?"

Ta gaji. Tun safe take tsaye inda aka ɗauke gawar, tana kallon tsofaffin tayoyin da marigayin ke jerawa gaban bencinsa don masu mota su hango shi.

Mutum uku ke taɓa motar. Mai ita yana asibiti, ƙafa a ɗaure. Saura direbansa da ƙanensa.

Aka kawo direban, dattijo mai furfura.

"Baba, da burki ya ƙi, me ka fara bugewa?"

"Tayoyin nan, 'yata. Na watsar da su."

"Suna nan tsaye. Ko ruwan saman da ke cikinsu bai zube ba. Baba, zunubin wa kake dako?"

Dattijon ya ce, "Ƙanen maigidana ne. 'Yan gidan sun ce hukuncin ba yawa, za su riƙe min yara."

Ƙanen ya shigo yana kaɗa makulli a yatsa.

"Hajiya, ni ko sanin mutumin ban yi ba."

"Sufeto ce. Maƙwabta sun ji ka ce in bai tashi daga gaban shagonka ba, mota za ta tashe shi."

"Maganar fushi ce. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

"Tsakanin tayoyin da turken lantarki da ƙyar mota ke shiga. Ta nan ka bi, ko fenti bai kankare ba. Wanda mota ta ƙwace wa ba ya zaɓen hanya. Kai zaɓa ka yi."

Makullin ya daina motsi.

Kisan kai da niyya ta rubuta, ta sa hannu, Oga na huci.

Kotu ta ɗaure ƙanen. Gidan ya sallami direban, kuma in ya hango ta kau da kai yake yi. Ita kuwa ƙarin girman da take jira ya wuce ta, aka tura ta mararraba tana ba motoci hannu cikin rana. Can take har yau, kakinta a goge.