Ramin Burtali

"Haulatu! Fito, saniyarki ta faɗa rami!"

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Lallen ƙafarta bai gama kamawa ba ta fisge ledar ta yi waje, ita da aka ce yau ko zaure kada ta leƙa, don yau dangin Zuhair za su iso daga Sokode da goron neman aurenta.

A bayan lakwal ta tarar da rabin ƙauyen. Makarantar kwana ce, kuma tun bara ake ja-in-ja da ita. Masu ita suna son ƙara ɗakunan kwanan 'yan mata, sabuwar katangar kuwa sai ta datse burtalin da shanun garin ke bi zuwa tafki tun kakanni. Zuhair malami ne a cikinta, da bakinsa ya rantse mata ba za a sa diga a ƙasa ba sai an zauna da mai gari.

To ga rami nan, ya raba burtalin gida biyu.

Ta kutsa ta leƙa.

Kyalla ce kwance a ciki, saniyar da Innarta ta bar mata kafin ta rasu. Zuhair na durƙushe a kanta, wuƙa a hannu, farar shaddarsa ta yi jage-jage da jini.

"Zuhair... me ka yi?"

"Haula, ki saurare ni. Wuyanta ne ya karye. Muna saukowa daga mota na ganta tana shure-shure, in ban yanka ba mushe za ta yi..."

"Kun ji ko!" Karim ne ya ɗaga murya, ɗan wan babanta, wanda ta ƙi aurensa tun ba yau ba. "Shi ya sa a haƙa, shi kuma ya yanka! Da idona na gan shi yana nuna wa magini inda za a fara. Baffa, wannan ne surukin naka?"

Babanta Alhaji Garuba ya zuba mata ido.

"Ƙarya yake! Haula, hasken idona, dube ni..."

"Kada ka ƙara kirana haka!" in ji ta. "A kan burtalin nan ka tsaya ka rantse min! Baba, ka mayar musu da goronsu. Wallahi tallahi ko shi kaɗai ya rage ɗa namiji ba zan aure shi ba!"



Kaico, Haulatu! Ba ta ma lura da dattijon da ke tsaye bakin mota ba, Malam Bahauddeen, mahaifin Zuhair, wanda ya baro almajiransa ya sha doguwar hanya da ciwon ƙafa saboda ita.

"Taso, Zuhair," in ji shi a hankali. "Yarinya ta yi magana."

Kwandon goron ko sauke shi ba a yi ba.

Zuhair ya yi ta kira ba ta ɗauka. Ya aiko, ta kori ɗan aiken. Daga baya ta toshe lambar gaba ɗaya, tana kuka tana cewa ta huta. Ina hutu!

Sai bayan damina mutanen gari suka kai ƙara wurin hukuma a birnin Dapaong, aka tara kowa a zauren mai gari. Aka tambayi magini wa ya ba shi izini. Mutumin, ɗan ƙabilar Moba ne, ya miƙe da Hausarsa ta kasuwa.

"Malam Zuhair bai ce min komai ba. Wannan ne ya zo," ya nuna Karim, "ya ce mai gari ya yarda, a haƙa yau-yau. Ni ban san saniya zai faɗa ba."

Direktan lakwal ya ƙara da nasa. Ashe Zuhair ne ya yi ta faɗa a karkata katangar a bar wa shanu hanya, shi ya zana yadda za a yi, ya danƙa masa takardar ranar da ya ajiye aikin.

Haulatu na bayan zana tana ji. 

"Ni ma na yi shiru inda ya kamata in tambaya," in ji babanta da ya shigo. "Ki yi kaffarar rantsuwarki, Goggonki Hassana ta raka ki Sokode."

Duk tsawon hanya maganar da za ta faɗa take bita. Daga tasha suka hau zem, babur ɗin haya, zuwa unguwar Kpangalam. Suna shan kwana ta hangi rumfa a ƙofar gidan, ga kujeru, ga mata cikin anko.

"Goggo... suna ake yi ko?"



Wata mata mai fara'a ta tare su, ta danƙa wa Haulatu goro a hannu.

"Sannunku da zuwa! Kun makara, an ɗaura. Zuhair da Nuriyya, Allah ya ba da zaman lafiya!"

Sai ga shi ya fito daga zaure. Farar shadda ce dai a jikinsa, tas da ita. Ya ganta ya tsaya cak.

"Haula..."

"Na zo ne in ce ka yafe min. Na ji komai."

"Tun ina cikin ramin na yafe."

"To me ya sa..." Kuka ya ci ƙarfinta.

"Sau nawa na kira ki?" Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Malam ya kwanta jinya bayan tafiyar nan. Da ya tashi ya zaɓa min 'yar amininsa. Na kai shi inda aka kunyata shi, Haula, da wane baki zan ce masa a'a?"

"Da na tambaye ka... tambaya ɗaya kawai!"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago.

"Burtalin fa?"

"An bar shi. Yadda ka zana."

"Alhamdulillahi. To ban yi miki ƙarya ba."

Daga ciki aka rangaɗa guɗa, abokai suka ja hannun ango.

Yanzu an gama ginin. Kullum da la'asar shanu na bi ta tsakanin katangu biyu zuwa tafki, 'yan matan lakwal na leƙowa ta taga suna ɗaga wa Haulatu hannu. Ita ke koro 'yar maraƙar da Kyalla ta bari, in sun zo daidai inda ramin yake sai ta rage tafiya.

Goron nan yana ƙulle a bakin zaninta, ya bushe ƙamas. Ta kasa ci, ta kasa yarwa.