Daƙiƙa Talatin da Shida

Keken haya mai ƙafa uku da Zinariya ta hawo daga makaranta ya mutu a unguwar Ɗan Iya, daidai ƙofar wani gareji, ranar wata Talata da la'asar. Saukarta ke da wuya aka tayar da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya kamar za ta shafi ƙasa. Ƙarar injin ta hau, ta ƙara hawa. Zinariya ta saki littattafanta ta toshe kunne.

"Don Allah a kashe!"

Aka kashe. Wani saurayi ya fito, hannunsa duk baƙin mai, ya tsince littattafan da yatsa biyu don kada ya ɓata su.

"Yi haƙuri, Malama. A tsaye take, ba inda za ta."

"To wannan ƙarar ta mece ce?"

"Inji nake gwadawa. Leƙo ki gani, agogo biyu ne. Wannan na gudu ne. Wannan kuma juyin inji yake ƙirgawa a minti ɗaya. In ya kai dubu bakwai, jan layin can, sai ya yanke da kansa."

"In bai yanke ba fa?"

"Sai injin ya fashe."

"Allah ya kyauta," ta ce, ta ja da baya.

Sunansa Mansir. Shekara biyu ya yi yana haɗa motar da hannunsa, daga gangar jikin da ya samo ba inji ba giyabos, wato akwatin giya. Minti goma ya ɗauka ya tayar da keken. Kafin nan ya karance sunanta da na makarantar da take koyar da lissafi a bangon littafin.

Abin da bai sani ba sai daga baya shi ne, shekara huɗu da suka wuce yayarta Aishatu ta rasu a ayarin kai amaryar wata ƙawarta, lokacin da direbobi biyu suka shiga tsere. Tun daga ranar, duk motar da Zinariya ta shiga, wurin da za ta iya ganin allurar gudu take zama, kuma ba ta ɗauke ido sai an tsaya.

Mahaifinta, Malam Ɗanlarai na Ƙofar Wambai, ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙin motar gwamnati, ko kaza bai taɓa takawa ba. Ranar da Mansir ya zo neman izinin zance, tsohon ya zagaya jar motar sau ɗaya, bai taɓa ta ba.

"Ban so ba," ya ce. "Amma an ce kana da salla da sana'a. Sharaɗi ɗaya ne. Duk ranar da jinina ya shiga motar nan, kada allura ta wuce tamanin."

"Na ɗauka, Baba."

Da yammacin ranar saƙonsa ya shigo wayarta: "Malamata, na ci jarrabawar farko. Maki nawa kika ba ni?"

Ta rubuta: "Arba'in cikin ɗari, Injiniya. Ka zo da baƙin mai a farce."

"Gobe zan wanke da sabulu uku. Zinarina, kin yi murmushi ko?"

"Kaɗan."

Wata biyar ana zance a zaure, ba ta taɓa shiga motar ba. A wata na shida aka shirya ta je ta gaida mahaifiyarsa a Tirwun. Gwaggonta Hajja ta zauna gaba, ita ta matsu a 'yar kujerar baya, ta kafa ido tsakanin kujerun. Da suka fita gari titi ya buɗe, allura ta hau ta tsaya a tamanin cif. Ba ta gota ba.

Duk da haka bishiyoyi na wucewa fiye da yadda ta saba gani. Suka wuce wata farar mota. Ta damƙe kujerar Hajja, ta ce wa ranta tsoronta ne kawai, ga allura nan tana gani.

Farar motar ta Ja'afaru ce, ɗan abokin mahaifinta, wanda ya taɓa neman ta ta ce a'a. Washegari da safe yana zauren Malam Ɗanlarai.

Aka aika Mansir ya zo. Zinariya na tsaye bayan ƙofar zaure.

"Ja'afaru ya ce yana kan casa'in da biyar kuka wuce shi," in ji Malam Ɗanlarai.

"Wallahi Baba ban wuce tamanin ba."

"Kada ka yi mini rantsuwa. Mai tamanin ba ya wuce mai casa'in da biyar. Tun ba a haife ka ba nake kan titi."

Zinariya ta shigo ta durƙusa. "Baba, da idona na gani. Tamanin ce."

Tsohon ya juyo wajenta.

"Har ya koya miki," ya ce. "Na binne ɗaya. Mansir, kada in sake ganin motar nan a layinmu, kai ma haka."

Kwana tara ba ta fita zance ba, ba ta cin abincin kirki. A aji ta rubuta lissafi ɗaya sau biyu a allo, ɗalibai suka gaya mata. Saƙonnin Mansir na shigowa.

"Zinarina, ke ce shaidata. Ja'afaru ƙarya yake don ya raba mu."

Ba ta amsa ba. Ta san Ja'afaru da ɗaukar kai, ba ta san shi da ƙarya ba. Kuma bishiyoyin nan sun ƙi fita daga idonta. A rana ta tara ta rubuta: "Injiniya, tambaya ɗaya. Ka taɓa auna allurar nan?"

Awa guda ta wuce kafin amsa ta zo: "Ban taɓa ba."

Ta ajiye wayar. Idan allurar daidai take, Ja'afaru ne maƙaryaci. Idan ba daidai take ba, to an ɗauke ta da gudun da ya kashe Aishatu, tana kallo tana cewa lafiya lau, kuma sharaɗin Baba ya karye ko ta yaya. Ta tashi ta same shi a tsakar gida yana gyara rediyo.

"Baba, yaya kuke gane mitar da ke ƙarya?"

Bai ɗago ba. "Da agogo. Akwai turakun siminti a bakin titi, kilomita ɗaya tsakaninsu. Mai tamanin daƙiƙa arba'in da biyar yake yi."

"To a auna. Zan shiga."

Yanzu ya ɗago. "Ke? Ke da ko keke ya yi sauri sai kin sauka?"

"Ni na ce na ga tamanin. Ni zan sake dubawa."

Ranar Asabar da hantsi suka wuce Tirwun zuwa inda titi ya miƙe, ba kowa. Malam Ɗanlarai na gaba, ya cire agogon hannunsa ya riƙe. Zinariya na baya. Mansir na tuƙi.

"Kai ta tamanin ka riƙe," in ji tsohon. "Ke kuma ki faɗa."

Inji ya ɗauki ƙara. Giya ta uku, ta huɗu, ta biyar. Iska ta fara kuka a gefen gilashi.

"Tamanin," ta ce.

Turke na farko ya wuce. Ta so ta rufe ido, ta hana kanta. Ta ji motar ta yi sauƙi a ƙarƙashinta kamar ba ta taka ƙasa. Ta ga wata akuya can gefen titi, ta tuna mayafin Aishatu da aka kawo gida a leda.

"Har yanzu?"

"Tamanin, Baba. Na juyi yana dubu uku."

Turke na biyu ya wuce.

"Tsaya."

Mansir ya sauka gefe ya kashe inji. Tsohon ya juya fuskar agogon wajen 'yarsa.

"Talatin da shida. Malamar lissafi, nawa ke nan?"

Ba ta buƙaci takarda ba. "Ɗari."

Mansir ya buɗe ƙofa ya fita ya tsuguna a bakin kwalta, ya dafe kai. Da suka fito ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Giyabos ne. Ban samu nata na asali ba, na sa na wata mota. Akwai ɗan haƙorin roba a ciki da ke juya wayar mita, nasu ba ɗaya ba ne. Na ga allura na motsi na ce shi ke nan." Ya ɗago kai. "Na ɗauki 'yarka a ɗari, Baba. Ban sani ba, amma aikina ne in sani. Zan sayar da ita."

"Ka sayar wa wa? Ya je ya ɗauki 'yar wani a ɗari yana ganin tamanin?"

Tsohon ya ci gaba.

"Ba ƙarya ka yi ba, na yarda. Ja'afaru ma bai yi ba, sai dai zan tambaye shi abin da yake nema a casa'in da biyar." Ya ɗaura agogonsa. "Ka gyara haƙorin. Sannan ka amsa mini wannan. In an yi auren, ranar kai amarya kai za ka tuƙa?"

"A'a Baba, abokina Toma ne."

"To alkawarinka bai riƙe ƙafar Toma ba."

Ya juya wajen Zinariya, wadda ke jingine da mota.

"Na ce ya koya miki ƙarya. Ki yafe ni, uwata."

Sai a lokacin ta yi kuka, shi ma kaɗan.

Mako biyu Mansir yana kan aikin. Ya samo haƙorin da ya dace. Sannan ya ɗaura wani ɗan akwati da ke yanke wa inji wuta, ya sauko da iyakar juyi daga dubu bakwai zuwa dubu biyu da ɗari huɗu. A giya ta biyar, tamanin ke nan. 'Yan gareji suka ce ya mayar da zaki tunkiya.

Ya rubuta mata: "Malamata, motar da na yi shekara biyu ina ginawa yanzu motar haya ma wuce ta take yi."

"Kana nadama?"

"Ina yi, minti biyar kullum da safe. Sai in tuna fuskarki a madubi ranar Asabar ɗin nan, ta wuce."

"Saba'in cikin ɗari, Injiniyana."

A gwaji na biyu Malam Ɗanlarai ne ya karɓi sitiyari. Tsakanin turaku biyu, daƙiƙa arba'in da biyar. Daga nan ya danna totur har ƙasa. Injin ya yi tari, ya sake yi, allura ta ƙi wuce tamanin. Ya tsaya ya miƙa wa Mansir mabuɗi.

"Ka turo manyanka."

An ɗaura aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Malam Ɗanlarai ya ce da rana za a kai amarya, jar motar ce a gaba, kuma duk wanda ya wuce ta ya juya gida. Kafin ta fita ya dafa kanta.

"Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana."

Hajja ta ja mata mayafi ya rufe fuskarta. A mota Toma na ta mita.

"Hajja, wannan ai ba mota ba ce kuma. Ko kaza ta bi mu sai ta riga mu."

"Tuƙa dai, ɗan nan. Kazar ta je ta jira mu."

A bayan gari Toma ya gwada sa'arsa sau ɗaya. Zinariya ta ji injin ya yi tari ya koma daidai. Hannunta ya kai bakin mayafin, ya tsaya a nan, sannan ya koma cinyarta.

A Tirwun guɗa ta tashi. Wayarta ta motsa a tafin hannunta: "Kin iso, Zinarina? Nawa allura ta nuna?"

Ta rubuta daga ƙarƙashin mayafi: "Na iso lafiya. Ban duba ba."