Mai Gadin da Ya Mutu Tare da Sabar

Da faɗa suka fara. Ta shigo ɗakin sabar, babbar kwamfutar kamfanin mahaifinta, masu sayar wa shaguna intanet, ta tarar da wani mai gilashi ya baje a kujerarta.

"Malam, wa ya ba ka wurina?"

"Abbanki ne, ranki ya daɗe. Manhajar sa ido zan ɗora muku, ta kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Duk minti za ta leƙa sabar, in ta tsaya ta turo saƙo. Sai dai ina son wata kwamfuta daban."

"Babu. Ɗora ta a kan sabar, ina da aiki."

"In sabar ta mutu ai tare za su..."

"Na ce ka ɗora!"

Ya kalli idanun nan nata, ya ɗora. Kafin wata biyu saƙonnin Gilashi, kamar yadda take kiransa, sun daina zama na aiki.

"Masifatu, yau sau sittin na leƙa zuciyata, ke ce dai a ciki."

"Ka nemi aikin yi," ta rubuta, tana ta murmushi ita kaɗai.

Saura kaɗan manya su tsayar da ranar aure, sabar ta mutu ranar Litinin da safe. Awa biyar cur babu saƙo ko ɗaya, don mai gadin, wato manhajar, shi ma ya bi ta. Manyan kwastomomi uku suka tattara suka koma wani kamfanin. Abba ya tara ma'aikata yana huci.

"Wane sakarai ne zai ɗora mai sa ido a kan abin da ake sa wa ido? Wannan zan ba 'yata? An fasa!"

"Kuskurena ne, Abba," in ji Gilashi, kansa a ƙasa.

Ita kuwa tana tsaye ta bari ya ɗauki laifin. Haushin kanta ya ishe ta, da aka watse sai ta sauke a kan Gilashi.

"Wa ya roƙe ka? Me ya hana ka faɗa masa ni ce?"

"Ba zan tona ki a gaban ma'aikatanki ba."

Wannan ya ƙara tunzura ta. Ta banka ƙofar ofishin Abba.

"Ni na tilasta shi! Ya gargaɗe ni, na ƙi ji."

Abba ya cire hularsa ya dangwarar a tebur. "To ai kin ƙara ɓata shi. Ya san daidai, ya biye miki. Ba na ba ki mijin da ba zai iya ce miki a'a ba. Ya zo ya gyara ɓarnarsa ya kama gabansa."

Washegari Gilashi ya zo. Idanunta a kumbure, ta tura masa wata tsohuwar kwamfuta.

"Ga ta. Ɗora ka tafi."

"A'a. Wutarsu ɗaya, layinsu ɗaya. Sai a wani gini daban."

"Na ce ka..."

"Na ce a'a, Masifatu. Ki yi ta faɗanki har gobe."

Abba ashe yana bakin ƙofa. Ya jira sai da aka gama ɗora manhajar a wani reshen kamfanin. Sannan ya sunkuya da kansa ya fizge wayar sabar. Kafin ya miƙe, saƙon manhajar ya shigo wayar da ke aljihunsa.

Ya karanta, ya harari Gilashi.

"Turo iyayenka. Ka san dai abin da ka ɗauko ko?"

"Na sani, Abba."

Ranar ɗaurin aure Abba ya dafa kawunansu. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma, in ya ce a'a, ki tsaya ki ji dalili."

"Zan duba," in ji amarya, tana share hawaye.