Satin da Meshach Ba Ya Gida

"Shekara huɗu, Clara! Ko ɓari ba ki taɓa yi ba!" in ji Mama, uwar mijinta.

Clara tana durƙushe a tsakar gidan surukarta a Ushafa, tsakanin ɗanyun tukwanen da aka shanya. Ta kasa ɗaga kai.

"Ran Kirsimeti dangi za su zauna. In shiru ne, ki koma gidanku. Ga Hannah nan, sai ya aure ta."

Hannah kuwa, 'yar mawaƙan cocinsu, sai wani sunkuyar da kai take yi, kamar ba ita ke kawo wa Mama miya duk Lahadi ba.

Washegari Clara ta tafi wani asibiti a Gwagwalada. Gwaji ya nuna lafiyarta ƙalau, na mijinta Meshach ma da ya yi bara haka ya nuna. Nas Zulai ta jawo kalanda.

"Al'adarki kwana nawa take zagayowa?"

"Ashirin da takwas, Sista. Ba ta saɓawa."

"To ki ƙirga daga ranar farko da kika ga jini. Wajen kwana na sha huɗu ƙwai yake fita. Ranar, da kwana biyar kafin ta, nan ne ciki ya fi shiga. Oga yana gida lokacin?"

Clara ta ƙura wa kalandar ido.

Meshach gadi yake yi a kamfanin fasa dutse a hanyar Lokoja. Sati uku a bakin aiki, sati ɗaya a gida, ashirin da takwas cif. Kullum yana ɗaukar jakarsa zai koma, washegari jini ya zo mata. Ita da take ta murna wai hutunsa bai taɓa faɗawa a kwanakin al'adarta ba!

Shekara huɗu tana shan saiwoyi masu ɗaci, ana mata addu'ar tsallake maƙiya, ashe maƙiyin takardar duti ce.

Ta kira shi a waya tana kuka.

"Sweety, ka roƙi oganku ya canza maka sati..."

"Zan gwada, my dear. Ki daina kuka, kin ji?"

Ya gwada. Oga ya ce roster, wato takardar duti, ba ta canzawa don matar wani, kuma ba a shigo da mata barikin masu gadi.

Satumba ta wuce. Oktoba ta wuce. Clara ta iya lissafin yanzu, ta san ranar, ta san alamar a jikinta, sai dai ta zauna ita kaɗai a ɗaki tana kallon kwanakin suna tafiya. Wallahi rashin sanin ya fi mata sauƙi.

A Nuwamba, ran kwana na sha ɗaya da ganin jininta, da azahar, tana tsince shinkafa aka turo ƙofa.

Meshach ne. Babu yunifom, ga katifarsa a naɗe a kafaɗa.

"Sweety! Aikin fa?"

"Na ajiye musu."

"Wayyo ni... me za mu ci? Kuma Sista ta ce ba lallai ya shiga a wata ɗaya ba. In bai shiga ba fa?"

"Sai mu je zaman nan tare. In sun ce ki tafi, su haɗa da ni."

Hawaye suka zubo mata.

"Mama za ta ce ni na raba ka da aikinka..."

"Za ta ce." Ya sauke katifar, ya karɓe farantin daga hannunta. "Yau kwana na nawa?"

"Sha ɗaya."

"To ban makara ba."