Gwaggo Ta Koma Yarinya

Hayaƙi ne ya fara isowa garejin Mahadi a bakin titin Tsafe, ƙara ta biyo baya, sannan wani tsohon mashin ya yi tari ya mutu daidai ƙofar rumfar. Dattijon da ke tuƙi ya sauka yana ƙwafa. Budurwar da ya goyo ta sauka tana fifita fuska da gefen hijabi, idanunta duk ƙwallar hayaƙi, amma dariya take yi.

Sifanar da ke hannun Mahadi ta suɓuce ta faɗo masa a yatsan ƙafa. Bai san ya ji ciwo ba sai da suka tafi.

Dattijon shi ne Malam Jatau, manomin dawa daga Kucheri, budurwar kuma autarsa ce, Sa'adiya. Mashin ɗin kuwa kowa Gwaggo yake ce mata, domin ta girmi Sa'adiya da yayyenta duka. Irin ta da ce, mai shan baƙin mai a gauraye da fetur.

Mahadi ya durƙusa ya duba, ya ce, "Baba, iska ce ba ta isarta, kuma mai ba ya kaiwa ga boris ɗin da injin ke juyawa a kai. Ka bar ni in buɗe injin, in goge hanyoyin iska da magagari, in faɗaɗa 'yar ƙofar da mai ke bi."

"Ka buɗe wa?" in ji Malam Jatau. "Tun da nis saye ta ba wanda yag ga cikinta. Wanke fulogi ka miƙo min abuna."

Ya wanke fulogin a hankali, ya goge, ya sake wankewa. Sa'adiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam bakanike, fulogi ne ko wankan amarya?"

Lambarsa tana rubuce da fenti a jikin rumfar, kuma ashe hayaƙi bai hana idonta karatu ba. Da yamma saƙo ya shigo: "Mun iso lafiya, Gwaggo sau ɗaya ta suma a hanya. Yaya ƙafa?"

Ya amsa: "Ƙafa da sauƙi. Zuciya ce aka tafi da ita Kucheri ba a biya kuɗin gyara ba."

Daga nan zance ya ɗinke. Shi yana ce mata Sanyin Idona, ita tana ce masa Mai Baƙin Hannuna, kuma duk ranar da ta kira shi haka sai ya wuni yana yi wa masu kawo gyara ragi. Son ta ya kama shi da gaske, irin wanda ba ya ɓoyuwa.

Kawunsa ya taso daga Bungudu ya nema masa izini. Malam Jatau ya shimfiɗa tabarma, ya ba da ruwa, sannan ya ce a'a.

"Yaron da ganin farko yac ce a farke Gwaggo? Bai da haƙuri. Gobe in ɗiyata ta yi tari, tiyata za ya kai ta."

Ana cikin haka sai ga Mansur, mai sayar da sababbin mashina a Gusau, da ƙamshin turare da takalmi mai ƙyalli. Ya ga Sa'adiya a wani biki, ya fara sintiri a Kucheri. Malam Jatau bai ce masa e ba, bai kuma kore shi ba.

Da kaka ta yi, Malam Jatau ya ɗora wa Gwaggo buhunan dawa fiye da ƙarfinta, injin ya buga. Ya daina cin tuwo da marmari. Mansur ya ga ƙofa ta buɗe, ya yi alkawarin kawo masa sabon mashin da kansa, manyansa kuma su biyo baya.

Sa'adiya ta rubuta: "Mai Baƙin Hannuna, Baba ya fara yabon takalmin Mansur. Ina tsoro."

Washegari sai ga Malam Jatau ya kawo Gwaggo gareji a bayan a-kori-kura. Bai kalli Mahadi ba ya ce, "Tun da ta mutu, yi mata abin da kaka so. Amma ko ta tashi, ba mai hawanta sai ni."

Da Mahadi ya buɗe, ya tarar gidan injin ya tsage. Ya bi shagunan Gusau kaf bai samu irinsa ba, ya wuce Bungudu wurin tsohon ubangidansa, ya shiga tonon tsofaffin ƙarafa a bayan garejinsa. Wayarsa ta mutu bai kula ba. Da ya kunna ta, saƙo ɗaya ya tarar: "An ce min ka koma Bungudu. In akwai wata a can ka faɗa min, ba sai ka kashe waya ba."

Ya ɗauki hoton kansa, baƙi ƙirin tun daga goshi, rungume da gidan inji mai tsatsa, ya tura: "Ga ta nan. Ba ta kai ki kyau ba, amma Baba zai so ta."

Ta amsa: "Je ka yi wanka. Na huce."

To, ga inda aka samu matsala. Hannun Mahadi ya saba da mashinan samari masu wasa a wurin biki, waɗanda kullum kukansu a ƙara musu gudu. Ya zauna da niyyar ya ɗan share wa tsohuwa hanyar numfashi kawai. Sai dai in ya goga magagari ya tuna Sa'adiya, sai ya ƙara. In ya tuna Mansur, sai ya ƙara da ƙarfi. Ya goge hanyoyin iska har suna sheƙi, ya daidaita bakin ɓangarori biyu na gidan injin, ya faɗaɗa ƙofar mai, ya sa sabon boris. Ya tayar da ita a tsaye, amma bai hau ba, tun da an hana.

Malam Jatau ya zo ɗauka ran da Mansur ya ce zai kai sabon mashin. Bugu ɗaya Gwaggo ta tashi. Shi kuwa ya saba sai ya murɗe hannu har ƙarshe kafin ta motsa, don haka ya murɗe har ƙarshe.

Gwaggo ta yi tsalle kamar ɗan akuya. Babbar riga ta cika da iska, salati ya bi titi, hula ta faɗo a gaban rumfar.

Mahadi ya ɗauki hular. Ya hau nasa mashin ya bi baya, yana duba kowane rami a gefen hanya, yana ji a ransa ya rasa Sa'adiya, kuma watakila ya mayar da ita marainiya.

A ƙofar gida ya tarar da Gwaggo a jingine, lafiya lau. Malam Jatau na zaune a tabarma ba hula, idanu jawur. Mansur na tsaye gefen sabon mashin da ko ledarsa ba a ɓare ba, ƙura ta rufe masa takalmi. Labulen zaure yana motsi, alamar akwai mai leƙe.

Mahadi ya zube ya miƙa hular da hannu biyu. "Baba, ka yafe min. Hannuna ne ya zarce."

"Kashe ni kas so yi?"

"Wallahi a'a. Yanzu zan mayar da ita in rage mata."

"Rage mi? Wa yac ce ka rage?" Ya juya ga Mansur. "Yaro, da niw wuce ka bisa hanya, iyakar gudun wanga naka ke nan?"

Mansur ya ce ai sabo ne, ba a matsa masa.

"To mai da abinka, Allah shi yi albarka." Ya sa hularsa, murmushi na ƙwace masa. "Shekara da shekaru masu keke na wuce ni suna gaishe ni. Yau ni na wuce, ban ko samu damar gaida kowa ba. Kai kuma tashi, ka gaya ma kawunka shi dawo."

Daga bayan labule aka ji wata ta fashe da dariyar da kuka ya gauraya da ita.

Bayan an gama shigar da amfanin gona aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya Tsafe, Malam Jatau ya kira ango gefe ya riƙe masa hannu.

"Abu biyu nike ji da su a duniya, duk sun biyo ta hannunka. Waccan ka gyara ta. Wagga ba ta son gyara, riƙo kawai taka so."

Mahadi ya gyaɗa kai, hawaye na zubo masa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya bar su tare har tsufa.