Kujerar Da Ke Hagunsa

Kofin ya same ni a gira kafin ma in ga tahowarsa.

Na ji fashewarsa a ƙasa, sannan wani abu mai ɗumi ya gangaro min cikin ido. Na kai hannu na duba. Jini ne.

"A cire min wannan abin daga jikina!" Injiniya ya faɗa, yana kai duka ta ko'ina da hannun damansa. "Wane ne? Wa ke taɓa ni?"

Ni ce. Ni da aka sa mana rana. Laifina kawai na ɗora tafina a kan hannunsa na hagu, bayan makonni ina zuwa asibitin nan ina zama a gefen gadonsa kamar gunki, bai taɓa ɗago ido ya dube ni ba.

Ko a lokacin ban yi ƙara ba. Cusa bakin mayafina na yi a baki na cije. Tun ranar farko Auta, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa da ke jinyarsa, ta ja min kunne cewa likita ya hana kowa magana kusa da shi sai ita, wai baƙuwar murya tana tayar masa da jijjiga. Ita ta ajiye min kujera a hagunsa, ita kuma ta zauna a dama inda ruwa da abinci suke.

Ta riƙe shi ta lallashe shi, sannan ta rako ni baranda tana danna min auduga a goshi.

"Anti, na so in rufa miki asiri," ta ce a hankali. "Ba ya son ganinki. Yau dai kin gani da idonki."

Wannan fa shi ne mutumin da ya zo gyaran wuta makarantar da nake koyarwa, ya gama aikin cikin yini guda, amma ya yi ta dawowa wai ya manta filaya. Shi ya sa min suna Ƙanƙara saboda yadda na wahalar da shi kafin in amsa gaisuwarsa. Ana shirin bikinmu ɓarayin babur suka tare shi da rana tsaka yana dawowa daga aiki, suka sauke masa rodi a ka ta wajen dama, suka bar shi a kwata. Ya farfaɗo, bakinsa ya buɗe, ya gane mahaifiyarsa, ya gane abokansa. Ni kaɗai ya ƙi.

Da ɗinki a goshi na shiga gida.

Umma ta saki tsintsiya ta ɗora hannu a ka. Abba ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce magana ta ƙare, shi ba zai ɗauki 'yarsa ya miƙa wa mai taɓin hankali ba, gobe zai aika a gaya wa danginsa. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa, na ce ciwo ne, ba halinsa ba ne. Ya ce da ciwo da hali duk jini ɗaya suke zubarwa, ya zare ƙafarsa.

Yayana makanike ne, kuma shirunsa ya fi faɗansa ban tsoro. Da na ji tashin motarsa na san inda ya nufa. Na fita da takalmin wanka na tari abin hawa.

A ɗakin gashi na same su, inda ake koya wa marasa lafiya tafiya tsakanin wasu dogayen ƙarafa guda biyu. Yaya ya riga ya cakumo Injiniya ta wuyan riga ya fizgo shi daga tsakanin ƙarafan. Keken marasa lafiya ya kife. Wata tsohuwa da ke matsa ƙwallon roba ta fasa salati.

"Ƙanwata ka fasa wa goshi?" Yaya ya ce. "Ni fasa min!"

Ya ɗaga hannu ya sauke masa mari a kuncin hagu. Abin da na gani ya tsaya min a rai: hannun na tahowa, Injiniya ko ƙiftawa bai yi ba, bai kare ba, kamar babu hannun a duniya. Sai da marin ya sauka ya zabura, ya kai wa Yaya naushi a baki, suka zube tare a kan katifar motsa jiki. Kansa, kan nan da aka ɗinke, ya wuce ƙafar ƙarfe da kaɗan.

Na manta da gargaɗin Auta. Na kurma ihu na faɗa tsakaninsu, na ce Yaya ya kashe ni tukuna.

Injiniya ya tsaya cak.

"Ƙanƙara?" ya ce.

Ina durƙushe a hagunsa, numfashina na taɓa kunnensa. Amma sai ya juya kansa dama, wajen bango, yana lalube da ido.

"Ƙanƙara, kina ina? Sai yau kika ga damar zuwa? Aka ce kin fasa... aka ce kin ce ba za ki auri rabin mutum ba."

Yaya ya sake shi, jini na zuba daga leɓensa.

Masu gadi sun shigo za su fitar da Yaya, likitar gashin ta ce su dakata. Mace ce doguwa mai furfura a gaban goshi, ba ta da saurin magana. Ta sa aka ɗaga Injiniya aka zaunar a keken, ta haska idonsa, ta duba ɗinkin kansa, ta aika a kira likitan ƙwaƙwalwa. Sannan ta juyo ta tambaye ni wace ce ni. Na gaya mata. Ta tambayi inda nake zama in na zo dubiya. Na gaya mata wannan ma.

Ta zaro mataji daga aljihu ta ba shi, ta ce ya taje kansa. Ya taje dama tsaf, ya miƙo mata. Ta ce ya gama? Ya ce ya gama. Gefen hagu na nan a cukurkuɗe.

"Idonsa lafiya lau," ta ce da mu. "Inda aka buge shi ne wurin da ke lura da duk abin da ke hagu. Yanzu ƙwaƙwalwarsa ta daina sa hagu a lissafi. Rabin farantinsa, rabin ɗakinsa, har hannunsa wani lokaci ji yake kamar na wani ne. Wanda ya zauna a nan ya yi shiru, a wurinsa bai zo ba."

Yaya ya tambaya, yana kallon ƙasa, ko hauka ce. Ta ce a'a. Mahaifiyarsa, da ta shigo tana dogara sanda Auta na biye da ita, ta tambaya ko iska ce ta shafe shi, don an ce a kai shi wajen masu magani. Likita ta ce rodi ne, Mama, ba iska ba. Ta ce saurin fushin ma daga raunin yake, yana iya raguwa da magani da horo, amma ba za ta rantse mana zai koma yadda yake ba. Ta ce kada wanda ya ƙara taɓa shi ta hagu ba tare da ya yi magana ba.

"Ai an hana ni magana," na ce.

"Wa ya hana?"

"An ce ke."

Likita ta juya ta dubi Auta. Ta ce tun makon farko ta zaunar da mai jinyarsa ta yi mata wannan bayanin, har ta roƙe ta a riƙa yi masa hira ta hagun, da muryar da ya fi so.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na damƙi Auta ta mayafi na haɗa ta da bango, tiren kayan aiki ya watse a ƙasa. Ta yakushe ni a wuya, na shaƙe ta. Ni da ko ɗalibi ban taɓa duka ba, sai da Yaya ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Ta zame ƙasa tana tari tana kuka.

"Ni na wanke masa jini," ta ce. "Ni na kwashe amansa. Tun ina yarinya nake wanke masa kaya, bai taɓa kallona ba sai da ya kwanta a gadon nan. Ke me kika yi? Zuwa kike da turare ki zauna."

Mama ta ɗaga sandarta, sai kuma ta sauke. Ta ce Auta ta je ta haɗa kayanta ta koma gidan uwarta, yau ɗin nan.

Na zagaya ta damansa na tsaya. Ya gan ni. Ya ga ɗinkin. Ya tambayi wanda ya yi min haka, ya ce a nuna masa shi. Babu wanda ya amsa, kuma shirun ya ba shi amsa. Ya ɗaga hannun daman nan ya fara dukan ƙarfen keken da shi har fatar ta fashe, sai da Yaya ya rungume shi ta baya.

"Ki tafi, masoyiyata," ya ce. "Ki tafi kafin in kashe ki ban sani ba."

Na ce in ya gama surutun ya matsa min in zauna.

Abba bai sauko ba. Da Yaya ya kwashe komai ya gaya masa, cewa ya yi ya ji, ya kuma tausaya, amma wanda ba ya ganin rabin duniya ta yaya zai tsallaka titi da iyali? Ya dai fasa aikawa, ya kuma yarda in riƙa zuwa in Yaya zai raka ni. Yaya ya ce wannan hukuncinsa ne na marin da ya yi, ya karɓa.

Na so in koma dama inda zai riƙa ganina ba wahala. Likita ta hana. Ta ce in ina son sa, in koma kujerata ta hagu, in yi ta magana har ya gaji ya juyo. Ta ɗaura masa jan ƙyalle a hannun hagu, ta koya masa duk inda ya shiga ya juya kai a hankali daga wannan kafaɗa zuwa waccan kafin ya yi komai.

Ba daɗi. Wata rana ya same ni da wuri ya yi dariya. Wata rana ya neme ni ya rasa, ya yi jifa da filo, ya zagi likita, ya zagi kansa, Yaya ya fitar da ni baranda in yi kukana in dawo. Ya ci karo da ƙofa har kafaɗarsa ta kumbura. Yaya ya riƙa tsokanarsa wai a garejinsu mota mai fitila ɗaya ma suna fita da ita, shi kuma ya ce wa Yaya ai bakinsa ya fi kyau da kumburin nan.

Wata safiya muna ɗakin gashi, Injiniya na zaune yana hutawa bayan tafiya, ƙofar hagu ta buɗe. Abba ne. Bai gaya wa kowa zai zo ba.

Na buɗe baki zan gaishe shi, ya ɗaga min yatsa. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa don kada su yi ƙara, ya tako a hankali ya tsaya a hagun Injiniya, ya miƙa masa hannu. Bai ce uffan ba.

Injiniya na kallon taga ta dama yana ba Yaya labarin wata tsohuwar mitar wuta da ta taɓa jan shi. Yaya ya kasa amsawa. Hannun Abba na nan a miƙe, na ga fuskarsa tana rufewa.

Labarin ya yanke a tsakiya.

"Me ya sa kuka yi shiru?" Injiniya ya ce.

Na ga ya haɗiye fushin da ya taso masa, ya ja numfashi, ya dafe gwiwa. Ya mayar da haɓarsa kan kafaɗar dama, ya fara juyowa a hankali. Taga. Yaya. Ƙarafan tafiya. Ni. A kaina ya so ya tsaya, na ga wuyansa ya ƙage, gumi ya tsatso masa a goshi. Na kawar da idona don kada in taimake shi.

Ya ci gaba.

"Abba..." ya ce.

Ya yunƙura zai durƙusa, ƙafar hagu ta ƙi, ya tafi zai kifa. Abba ya tare shi da hannu biyu, suka yi tangal-tangal tare, hular Abba ta faɗi.

"Zauna, ɗana, kada ka karya mu duka," Abba ya ce yana haki. Ya zaunar da shi, bai saki hannunsa ba. Sannan ya waiwayo ya harare ni. "Ke kuma kukan me kike yi? Ɗauko min hulata, ki je ki ce wa uwarki ta kira telan nan ya ci gaba da ɗinkin kayan bikin."